Rigar Toza Mai Lamba Tara

12 ga Satumba, 2004

Zuwa ga matata Desanka,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gare ni, da kuma gidan nan da ya yi mini girma tun ranar da kika tafi. Ina fata kina lafiya, kuma sanyin Suwidin bai tayar miki da ciwon ƙafar nan ba. Yaya 'yarmu Vesna da jego? Yaya jaririn? Ki duba mini tafin hannunsa da kyau ki gaya mini ko yana da faɗi, kin san daga nan ake gane ɗan ƙwallon kwando. Ni lafiyata ƙalau. Ina shan magani, ina ba furanninki ruwa in na tuna. Na sayo barkonon gashi, amma ba zan taɓa shi ba sai kin dawo, don kin ga abin da na yi wa tukunyarki bara.

Kin san ni da waya, kunnen hagun nan ya daɗe da yin ritaya. Ban da haka ma, maganar da ke bakina ba ta waya ba ce.

Strahinja ya dawo gida. Bayan Sifen da Amurka da Girka, ya ce a ƙungiyar garinmu zai ƙarasa wasansa kafin gwiwoyi su ƙi shi. Ranar da na ji, har hawaye na yi. Ni na riƙe yaron nan a coci ranar baftismarsa, ni na zaɓa masa suna, ni ne kum ɗinsa, wato ubansa na baftisma, har kabari, kuma a hannuna ya koyi jifa. Wa zai fi ni murna?

To murnar ba ta yi kwana uku ba. Shekaranjiya sai ga Radisav, shugaban ƙungiya, mai shagon tayoyin nan da bai taɓa jefa ƙwallo ta shiga ko da bokiti ba. Ya zo da kwalin cakulan, yana ta murmushi. Ina ganin cakulan na san da magana.

"Kawu Milutin," in ji shi, "ka san Strahinja duk inda ya je a duniya lamba tara yake sawa."

"Na sani."

"To ka ga taran tamu tana rataye a sama."

"Can muka rataye ta. Ta tsare maka hanya ne?"

"Haba Kawu, ba raini ba ne. Marigayi Toza gwani ne a zamaninsa. Amma fa zamaninsa. Za mu sauke ta cikin mutunci, mu sa ta a gilashi a ofis."

A ofis, Desa! Rigar yayanki, wadda ke da kanki kika ɗinka wa lamba kina 'yar budurwa, za a kai ta ofishin da ba mai shiga sai mai shara da masu neman tikitin kyauta. Na mayar masa da kwalinsa, na ce sukari ya hana ni, alhali kin san ba ni da wani sukari. Na tuna masa alkawarin da aka yi ranar da aka rataye rigar a rufin zauren wasa, bayan rasuwar Toza: ba mai sake sa lambar nan sai da yardar danginsa. Ya ce ai shi ya sa ya zo, a ba shi lambar wayar Vesna. Na ce ta ɓace. Amma zai samo ta, irinsu ba sa rasa hanya.

Ke kaɗai kika rage a jinin Toza, don haka maganar tana hannunki. Ki tuna talabijin bai taɓa zuwa garinmu ba a lokacinsa. Ba kaset, ba komai. Hoto ɗaya muke da shi, shi ma bai fito sosai ba don ya yi tsalle daidai lokacin da aka ɗauka. Mu da muka gan shi da ido muna ta raguwa, kowane hunturu sai an binne wani. Rigar nan ce kaɗai ke sa mutum ya ɗaga kai ya tambaya wane ne wannan. In ta sauka, Toza ya mutu karo na biyu, kuma wannan karon mu muka kashe shi.

In ya kira ki, ki ce a'a. Kada ki tsaya yi masa bayani, bakinsa ya fi naki zaƙi.

Ki gaishe da Vesna da mijinta. Ki riƙa sa safa mai kauri.

Mijinki,
Milutin

26 ga Satumba, 2004

Desa tawa,

Ina gaishe ki da kewa. Ina fata ku duka kuna lafiya, jaririn kuma ya fara barinku ku yi barci. Na ga hoton da kika aiko. Hancin na surukinmu ne, ba yadda za a yi, amma hannun namu ne.

Har yanzu ba ki ce mini komai a kan maganar ba, shirunki kuma ya fara damuna.

Garin nan ya rabu biyu. A shagon gahawar Obrad har teburori an raba, tsofaffi ta wajen murhu, samari ta wajen taga. Ba a maganar siyasa, ba a maganar tsadar itace, sai wa ya fi wani tsakanin Toza da Strahinja. Ran Laraba samarin suka zo da kaset, suka sa a talabijin ɗin Obrad. Muka ga Strahinja yana tashi sama a Amurka yana danna ƙwallo cikin kwando, wasu ƙarti suna faɗuwa gefe. Da ya ƙare sai wani mai ɗan kunne a cikinsu ya juyo.

"To Kawu, saura naku. A sa mana kaset ɗin Toza."

Aka kwashe da dariya. Na ce masa kaset ɗin yana nan, na nuna kaina.

"Ai wannan ya fara cin zare, Kawu! Wai tsakani da Allah, su wa ke tsaron Toza a lokacin? Ba masu gasa burodi da 'yan gidan waya ba ne?"

Na ce masa e, su ne. Na ce mai gasa burodin nan da yake raina wa, gwiwar hannunsa ce ta cire mini haƙora biyu, alƙalin wasa kuma ko usur bai hura ba. Na ce ku naku gwanin a kan katako mai sheƙi yake gudu, in ya faɗi mutum uku ke rugowa da tawul. Mu a kan siminti muka yi, a fili, bayan makarantar firamare, in ka faɗi fatarka ce ke zama a wurin. Toza tun asuba yana gaban wuta a masana'antar ƙarfe, da yamma ya wanke fuska a famfo ya zo ya ci mana wasa. Ƙwallon fata ce, in ta sha ruwa sai ta yi nauyin kabewa. Ga iskar koshaba tana tasowa daga kogi, ka jefa ƙwallo gabas ta sauka kudu. Shi kuwa daga gindin bishiyar nan ta kusurwa yake jifa, inda yau za a ba shi maki uku, a lokacin biyu ake rubuta masa don ba a ƙirƙiro layin ba tukuna. Na ce ku kawo mini Strahinja filin nan ranar iska, da takalmin roba, bayan ya yi aikin ƙarfe, sannan mu yi magana.

"Ku ma ku kai Toza Amurka mana," in ji yaron. Obrad ya ce duk wanda ya ƙara ɗaga murya zai biya kuɗin kofin da ya fashe jiya. Haka muke tashi kullum.

Jiya Strahinja da kansa ya zo. Sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofarmu. Ya sumbaci hannuna kamar yadda aka saba, ya zauna a kujerarki ya cinye miyar waken da na dafa don kwana biyu. Yaron kirki ne, Desa, ba zan yi masa ƙarya ba. Na tambaye shi kai tsaye ko shi ya aiko Radisav.

"Ban aike shi ba, Kum. Amma ban hana shi ba."

"Kana son lambar ke nan?"

"Ina so."

"Kana ganin ka fi Toza?"

"Ban ce na fi shi ba. Ban kuma ce ya fi ni ba. Ni ban taɓa ganinsa ba, Kum, labari kawai na ji, kuma duk daga bakinka."

Kin ji taurin kai. Ban san inda ya gado shi ba.

Abin da suka manta shi ne, duk duniyar nan ni kaɗai na miƙa wa su biyun ƙwallo da hannuna. Shekaru ina miƙa wa Toza a wasa, shekaru ina miƙa wa Strahinja yana yaro ina koya masa. Ba na musu, yaron ya fi tsalle, ya fi gudu, ya fi ƙarfi. Amma Strahinja sai ka ba shi ƙwallo a inda yake so. Toza kuwa ko a gwiwa ka jefa masa, ko a bayan kunne, zai mai da ita maki, ya koma yana tafa maka kamar kai ka yi abin kirki. Ni ba wani gwani ba ne, kin fi kowa sani. Toza ne ya sa gari ya ɗauka ni gwani ne. Wannan ba ya fitowa a kaset.

Ki rubuto mini, don Allah.

Naki,
Milutin

7 ga Oktoba, 2004

Desanka,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Ni dai ga ni.

Wasiƙarki ta iso, amma Radisav ya riga ta. A bakin kasuwa ya tare ni yana washe baki, wai Inna Desanka ta amince, mace mai fahimta. A bakin mai tayoyi na ji hukuncin matata.

Na karanta abin da kika rubuta har sau ba adadi. Kin ce Toza da yana raye da kansa zai hau tsani ya sauko da ita ya ba yaron. Kin ce lamba don gudu aka yi ta, ba don ta sha ƙura a rufi ba. Kin ce yayanki bai taɓa riƙe komai ba. Gaskiya ne. Ya kyautar da takalminsa, ya kyautar da agogon da aka ba shi, kofin da muka ci ma ya bar wa makarantar firamare suka ɓatar. Shi ya sa yau ba abin da ya rage nasa sai rigar nan. Shi yana da ikon kyautar da kayansa. Mu da ya bari ba mu da ikon kyautar da shi.

Lambar taki ce, kin bayar, ba zan ja da ke ba. Amma raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye miki ba. Tunda muka yi aure ban taɓa kwana da fushinki irin wannan ba.

Sauran labarin shi ne, Radisav yana so ni in miƙa wa Strahinja rigar da hannuna ranar wasan farko, a gaban jama'a, in karanta wata takarda da ya rubuta cewa ga wanda ya fi kowa a tarihin garinmu. Ya ce ba wanda ya dace sai ni, tunda kowa ya san kum ba ya hana ɗan da ya riƙe komai.

Na ce masa zan zo.

Barkonon ya fara laushi, na ba matar Obrad ta gasa.

Milutin

18 ga Oktoba, 2004

Zuwa ga tsohuwata Desa,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kina lafiya ke da yaran. Yaya ƙafar? Ni ban taɓa jin ƙarfi irin na kwanakin nan ba. Na san Vesna ta riga ta ji wani abu ta waya, to ki bar na mutane, ga yadda aka yi daga bakin mai shi.

Ran Asabar da yamma zaure ya cika har matakala. Na sa kwat ɗina ta bikin Vesna, na zauna inda suka ajiye ni. Aka kashe rabin fitilu, aka sa kiɗa, aka fara sauko da rigar da igiya a hankali. Ban sake ganinta kusa ba tun ranar da muka ɗaga ta. Koren ya koɗe, Desa, amma ɗinkinki na nan daram, ko zare ɗaya bai saki ba. Radisav ya kwance ta ya ɗora mini a hannu, ya ba ni takardarsa da abin magana. Strahinja na tsaye gabana da sabuwar rigarsa mai lamba tara, yana jira.

Na ninke takardar na sa a aljihu. Na ce, "Jama'a, an ce in gaya muku wanda ya fi kowa a garin nan. Ni kaɗai na miƙa wa su biyun ƙwallo, don haka ku saurara. Wannan yaron ɗana ne, ina alfahari da shi, lambar kuma an ba shi, ya sa lafiya. Amma wanda ya fi kowa sunansa Svetozar, muna ce masa Toza. A siminti ya yi wasa, cikin iska, ba wanda ya ɗauke shi hoto. Wannan rigarsa ce, kuma ba za ta ofis ba."

Sai na tuɓe kwat na yar a ƙasa, na zura rigar a kan farar shat ɗina.

Kin san Toza siriri ne, ni kuma kin san tumbina. Ta maƙale mini a ƙirji, hannuwana a sama, kaina a ciki, ina ta kokawa. Na ji dariya ta tashi. Da na ja ta da ƙarfi ta sauka sai na ji wani wuri ya yage, dariyar kuma ta koma fito da ihu. Samari suna ta "A fitar da shi! Tsoho ya rikice!" Tsofaffi 'yan wajen murhu suka miƙe suna kiran sunan Toza da muryoyinsu da suka dushe. Ni kuwa na tsaya ƙyam a tsakiyar fili, ban taɓa jin daɗin fito irin na ranar ba.

Radisav ya yi jawur. Ya yafuto masu tsaron ƙofa biyu, ya ce su cire mini ita su raka ni waje.

A nan lissafinsa ya ɓace. Ya tuna rabin al'ada ya manta rabi. Gaskiya ne kum ba ya hana ɗansa abu. Amma ɗa ma ba ya fizgar abu daga hannun kum, ba ya musa masa a bainar jama'a, ba ya kuma tsayawa yana kallo a taɓa shi, ko da kum ɗin ya haukace. Da wani ya sa ya miƙa rigar, da tuni tana gilashi. Shi da kansa ya zaɓo mutum ɗaya a garin nan da ba a isa a taɓa ba a gaban Strahinja.

Yaron ya taka ya shiga tsakaninmu. Bai ɗaga murya ba, amma abin maganar na hannuna, kowa ya ji.

"Duk wanda ya taɓa kum ɗina, yau ba wasa."

Ya sunkuyo daga can sama ya sumbaci hannuna, sannan ya kawo bakinsa wajen kunnena, na daman, don ya san na hagun.

"Kum, ka kunyata ni a gaban gari."

"Na sani."

"To zauna a gaba, inda zan gan ka. Kada ka ƙifta ido."

Na zauna a layin farko da rigar a jikina. Desa, abin da yaron nan ya yi a wasan nan, ban ga ya yi shi ko a kaset ɗin Amurka ba. Duk wadda ya jefa ta shiga sai ya juyo ya zuba mini ido. Ni kuma na harɗe hannu a kan lambar. Can wajen ƙarshe wani ɗan wasanmu ya jefa masa wata muguwar ƙwallo a gwiwa, yana can kusurwa. Ya tsince ta ya jefa ta shiga, ya koma yana tafa wa yaron. Saura kaɗan in miƙe. Na riƙe kujera da hannu biyu, ban miƙe ba.

Da aka tashi ya zo yana haki, gumi na zuba.

"Yanzu fa, Kum?"

"Cikin ɗaki ne," na ce. "Ba iska."

Ya ce, "Asabar mai zuwa." Na ce ina nan.

A bakin ƙofa mai ɗan kunnen nan na shagon Obrad ya tare ni. Na shirya masa baƙar magana, sai na ji ya ce wai da gaske ne daga gindin bishiya Toza ke jifa, kuma wace bishiyar ce? Na ce ya same ni a tsohon filin ranar da koshaba ta taso in nuna masa. Tun ranar, daga shagon Obrad har kasuwa, sunan yayanki ake ta kira, wasu da zagi wasu da yabo. Shekarun da rigar ta yi a rufi ba a ambace shi haka ba. Ta wannan gefen kin yi gaskiya, ƙura kawai take sha a can. Kin ga na faɗa, kada ki sa in maimaita.

Radisav ya aiko wai rigar kayan ƙungiya ce, in mayar. Na ce a gaya masa ban sace ta ba, duk Asabar zan kawo ta zauren da kaina, layin farko, kowa ya gani. Sun sauke ta daga rufi, na rataye ta a jikina. Mai son sauke ta daga nan sai ya jira ranar da za a wanke ni.

Fushin ya wuce, ki dawo gida haka nan, ina kewarki ƙwarai. Ki sumbaci jaririn, ki gaishe da Vesna da mijinta. In za ki taho ki nemo koren zare mai ƙarfi, a hammatar dama ta yage, kuma ba mai sa mata allura sai ke.

Mijinki har kullum,
Milutin